Ƙannena masu kiwon kaji, ku zauna ku kalle su

A bazarar shekarar da na fara kiwo na yi asarar da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kajin nama 300 na zuba a wani ɗaki mai rufin kwano a bayan gidanmu, nan cikin Katsina. Sun kai sati biyar, sun yi ɓul-ɓul, har na fara lissafin abin da zan kama. Ran nan bayan azahar na leƙa, na tarar da su kwance, baki a buɗe, fukafukai a sake, sai haki suke yi. Na ce a raina hutawa suke, na ja ƙofa na tafi majalisa. Kafin magariba na kwashe matattu sun fi 40. Na yi musu rigakafin Gumboro, na yi musu na Lasota, abinci bai taɓa yankewa ba. Zafi ne ya kashe su, kuma tun azahar suke nuna mini, ni ne ban iya gani ba.

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kansa ya kai digiri 41, to in garin ya haura 40 kamar yadda yake yi mana a Afrilu, ba ta da hanyar fitar da zafi sai ta baki. Ruwan da ke mazubi kuma ya zama kamar na shayi, ta ƙi sha. Wannan ɗan ilimin da bai fi layi uku ba, rashinsa ya cinye mini jari.

Shi ya sa nake so mu yi magana, ku da kuka samu ɗan jari kuka zuba kaji, da ku da ke karatun kimiyyar dabbobi a Dutsin-Ma da sauran makarantu kuna jin kunyar faɗa, don kada abokai su ce duk karatun naka a kaza ka ƙare.

Akwai wata baturiya a Jami'ar Oxford ta Ingila, Farfesa Marian Dawkins, an haife ta a 1945. Malaminta shi ne Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973 kan nazarin ɗabi'ar dabbobi. Mace mai irin wannan malami, da ta ga dama da manyan namun daji za ta bi. Ta zaɓi kaza, ta kuma shafe shekaru sama da 40 a kanta. A lokacin ana ta gardama a Turai kan kajin ƙwai da ake cusawa a ƙananan keji, wasu na cewa suna wahala, wasu na cewa ai suna ci suna sha suna ƙwai, me ya dame su. Ita sai ta ce a daina musu, a tambayi kazar. Yaya ake tambayar kaza? A buɗe mata ƙofa biyu, a ga wadda za ta bi. Sannan a sa mata wahala a hanya, a ga iyakar abin da za ta jure don ta kai ga abin da take so. Da irin wannan dabara Ian Duncan, wanda ya yi aiki a Jami'ar Guelph ta Kanada, ya nuna cewa kazar da ƙwai ya matsa za ta yi ta tura ƙofa mai nauyi don ta samu lungun da za ta saka shi, kamar yadda take turawa in yunwa ta ci ta. Irin waɗannan bincike na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta haramta tsofaffin kejin nan daga 2012.

Aikin Dawkins da ya fi shiga raina shi ne na 2004. Ita da abokan aikinta sun bi kajin nama miliyan 2.7 a gonakin kamfanoni 10. Kowa ya ɗauka cunkoso ne babbar matsala. Cunkoson yana da illa, musamman ga ƙafafu, amma abin da ya fi yi wa kaji lahani shi ne yanayin ɗakin: zafi, laima, jiƙewar shimfiɗa da warin amoniya da ke tashi daga kashin kaji. Wato kulawar mai kiwo. Ku tuna ɗakunan da kuke shiga ido ya fara yaji, dusar katako ta dunƙule ta yi caɓi a gindin mazubin ruwa. Kai da kake tsaye minti biyu ka fita da gudu, kaza kuma hancinta na ƙasa dare da rana. A Bristol ta Ingila kuma, a 2000, an ajiye wa kajin nama abinci iri biyu, ɗaya da maganin ciwo a ciki. Guragun cikinsu suka fi cin mai maganin. Don haka in ka ga kaza ta taka biyu ta zube, kada ka ce nauyi ne ya yi mata daɗi. Ciwo take ji.

Dawkins ta taƙaita jin daɗin dabba a tambaya biyu: tana da lafiya? Tana samun abin da take so? Da na ji haka sai na tuna kakata a wani ƙauye kusa da Daura. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma kullum akwai kaskon ruwa a gindin darbejiya, tana zuba toka a kusurwar gida don kaji su yi birgima, ta kifa tsohuwar tukunya a lungu don mai kwanci. Daga jin kukan kaza tana cikin ɗaki za ta ce shirwa ce, ku fita. Ita ma kallo ne ya koya mata. Mu muka zo da kajin gidan gona muka watsar da kallon, muka bar wa ƙaramin yaro ya zuba abinci, mu kuwa muna kan waya muna tallar kajin da ba mu leƙa ba tun safe.

Kuma kada mu ɗauka Turawa ne suka fara cewa dabba na da haƙƙi. Tun muna Islamiyya muka haddace cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har yanka an ce a wasa wuƙa a hutar da abin yankan. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. To ina muka samo ɗaure kaji 20 ƙafa a sama kai a ƙasa a jikin babur, cikin ranar azahar, a yi ta gudu da su zuwa kasuwa? Wallahi abin nan yana ci mini rai, kuma mafi yawan masu yin sa sa'o'inmu ne.

Ku ɗalibai, da ku nake yanzu. A Shika ta Zariya masana na gida suka samar da kazar ƙwai Shika Brown, a Vom ta jihar Filato ake haɗa rigakafin dabbobi, don haka ba za ku ce ba a yin bincike a ƙasar nan ba. Amma tambayoyin da ke gabanmu ba wanda zai zo daga Oxford ya amsa mana. Wane rufi ne ya fi sanyi ga kaza a bazarar Katsina, zana a kan kwano ko jinka? Ƙarfe nawa ya kamata a janye abinci a ranar zafi? Yaya 'yan tsaki ke kwana a sanyin hunturu in an ɗauke wuta? Me ke ƙarar da 'ya'yan zabi da damina? Kowace ɗaya ta isa aikin kammala digiri, ba ta buƙatar komai sai ma'aunin zafi, littafi da haƙurin zama. Amma sai ka ga ɗalibi ya kwafo aikin wani daga intanet ya sauya sunan gari, alhali akurkin mahaifiyarsa na tsakar gida.

Ni dai yanzu kujera 'yar tsugunno nake ajiyewa a bakin ɗakin kaji. Da safe da kuma bayan azahar ina zama minti 15, waya a aljihu, har su manta da ni. Ina duba ko sun bazu ko sun taru a gefe guda, wa ke haki, wa aka tsattsage wa gashin baya, in sa hannu a ruwa, in damƙi shimfiɗa in ji ko ta jiƙe, in rubuta. Jiya a haka na gano wata da ta kwana biyu ba ta isa ga ruwa saboda ƙafa, na ware ta a kwali da nata mazubin. Da safen nan na tarar ta miƙe tana tono.