Ƙannena Masu Jita, Ba Sikeli Ne Matsalarku Ba

Tambayar da matasa masu koyon jita suka fi yi idan buluz, kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka, ya shiga ransu ita ce ta sikeli, wato jerin sautukan da ake gina kiɗa da su: "Yaya, wane sikeli zan ɗora a kan wannan kiɗan?" Sun samo kiɗan rakiya a YouTube, ganga da bes da jita mai riƙe kod, wato sautukan da ake kaɗawa tare, suna ta juyawa, an bar musu fili su yi solo. Sai a ce musu fentatonik maino, sikeli mai sautuka biyar, su haddace shi a firet na biyar, wato gida na biyar a wuyan jita, su yi ta hawa da sauka babu numfashi. Bayan ɗan lokaci abin ya gundure su, su dawo neman wani sikelin. A ba su miksolidiyan, a ba su doriyan, su ƙara a kan tarin, kiɗan kuma yana nan lami yadda yake. Ƙannena, ku ji da kyau: yatsunku sun san hanya, kunnenku ne ba ya wurin. Kuna kaɗa a kan kiɗan, amma ba ku jin sa.

Mu fara da abin da ke ƙarƙashinku. Buluz ɗin da aka fi sani gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu huɗu, kod kuma uku kacal. Mu ɗauki ki na A, wato kiɗan da sautin A ne tushensa, tunda shi da E masu jita suka fi so. Gaɓa huɗun farko A7 ne. Ta biyar da ta shida D7. Ta bakwai da ta takwas a koma A7. Ta tara E7, ta goma D7, ta sha ɗaya A7, ta ƙarshe galibi E7 don a juyo a koma farko. Wani kiɗan yakan leƙa D7 tun a gaɓa ta biyu ya dawo. Duk wanda ba zai iya rufe ido ya faɗi gaɓar da ake ciki ba, bai kai maganar sikeli ba tukuna. Ya ajiye jitar, ya bi bes da kunne, yana ƙirgawa da ƙafa, har sai jikinsa ya riƙa jin zuwan gaɓa ta biyar kafin ta iso.

Akwai dalilin da ya sa mu musamman wannan sauyin na kod yake kuɓuce mana. Kunnenmu ya tashi da sautuka biyar. Goge, garaya, gurmi, kuntigi, yawancin abin da suke fitarwa a cikin biyar ɗin nan yake yawo. Haka jitar Agadas da Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, haka ta marigayi Ali Farka Touré na Niafunké a Mali. Masanin kiɗan nan ɗan Austiriya, Gerhard Kubik, ya yi bayani a 1999 cewa wasu siffofin buluz sun fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya zuwa Kamaru. Shi ya sa fentatonik ke zauna mana a hannu da wuri, kuma wannan riba ce. Sai dai kiɗanmu yakan kafa tushe ɗaya ya zauna a kai, waƙar ta yi ta kewaya shi. Ko a Amurka akwai irin su John Lee Hooker da sukan yi haka. Amma kiɗan rakiyar da kuka sauko da shi mai gaɓa 12 ne, tushensa yana tashi yana sauya wuri, ku kuma kuna kaɗa kamar yana zaune.

Fentatonik maino na A shi ne A, C, D, E, G. Ba wanda zai ce ku bar shi, gida ne. Za a iya kaɗa shi a kan dukkan gaɓoɓi 12 ba tare da an yi ɓarna mai yawa ba, kuma nan tarkon yake, domin rashin ɓarna ba daɗi ba ne. Sautukan biyar ba darajarsu ɗaya ba a kowane lokaci. A kan A7, wanda ya ƙunshi A, C#, E, G, idan kuka tsaya a kan D za ku ji yana gogar C# ɗin kod ɗin, a wuce ta kansa kawai ake yi. Da an shiga D7 kuwa, wannan D ɗin ya zama mai gida, C ma ta zama 'yar gida, tunda D7 shi ne D, F#, A, C. A kan E7, wato E, G#, B, D, wurin sauka E ne ko D, ita kuwa C da ta yi kyau ɗazu yanzu ba wurin zama ba ce. Sikeli ɗaya, firet ɗaya, amma inda za a ajiye ƙarshen jimla yana sauyawa sau da yawa kafin a zagayo.

Wani zai ce, to ta yaya C take shiga a kan kod mai C#? Wannan gogayyar ita ce buluz ɗin kansa. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka da suka haifi wannan kiɗa, musamman a yankin Misisipi a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, da murya suka fara shi, muryar kuma tana zama ne a tsakanin C da C#, inda fiyano ba shi da maɓalli. Mai jita yana iya kaiwa can. Ku danna C a firet na biyar na tsirkiyar G, ku ɗan tura ta sama kaɗan, ƙasa da rabin taki (rabin taki shi ne tazarar firet ɗaya), sannan ku sauka a A. Wanda ya iya wannan ɗan turin ya fi wanda ya haddace sikeli bakwai kusa da buluz. Sautin nan na shida da ake ƙarawa, Eb, wanda ya sa ake kiran abin sikelin buluz, shi ma a bi ta kansa ake yi tsakanin D da E. Na sha jin yara suna zama a kansa suna karkarwa, wai don a ji buluz ne. Don Allah ku daina, musamman a kan D7.

Sai fentatonik manjo: A, B, C#, E, F#. Siffarsa a wuyan jita ɗaya ce da ta maino, kawai a ja hannu baya firet uku, daga na biyar zuwa na biyu. Saboda wannan sauƙin ne da yawa suke faɗa masa ba tunani, su yi amfani da tsofaffin jimlolinsu na maino a sabon wuri, sai abin ya fito kamar ana kiɗa a F#. Tushen yana nan a A, dole jimla ta san hanyar komawa can. A kan A7 yana da zaƙi da walwala. Amma da gaɓa ta biyar ta shigo, C# ɗin nan ya zama abokin faɗan C ta cikin D7, rabin taki ne kawai tsakaninsu, kuma duk mai kunne zai ji tsamin. Saboda haka dabara mafi tsufa kuma mafi amfani ita ce: manjo a kan A7, da an shiga D7 a koma maino, ko kuma a sauke C# zuwa C a bar sauran yadda suke.

Ina so ku dakata a nan, domin wannan rabin takin shi ne kusan duk darasin. Ku sa yatsa a firet na biyar na tsirkiyar D, wannan G ne. Ku sa wani a firet na shida na tsirkiyar G, wannan C# ne. Ku kaɗa su tare, kun ji A7 ko da babu bes. Ku ja hannun baya firet ɗaya ba tare da canja siffa ba: F# da C, wato D7. Ku tura shi gaba firet ɗaya daga inda kuka fara: G# da D, wato E7. Firet uku maƙwabtan juna, buluz ya cika. Waɗannan su ne sautukan da ke gaya wa mai sauraro an sauya kod. Ku kunna kiɗan rakiyar, ku yi zagaye da dama ba ku kaɗa komai ba sai sauti ɗaya a bugun farko na kowane sauyi: C# a kan A7, C ko F# a kan D7, G# ko B a kan E7. Zai yi muku kamar wasan yara. Ku jure. Bayan haka ku riƙa gina gajerun jimloli da fentatonik ɗin da kuka sani, amma kowace ta faɗa a kan ɗaya daga cikin waɗannan sautuka daidai lokacin da kod ya juya.

Ku saurari manya ku ji yadda kowa ya zaɓi nasa. B.B. King, wanda aka haifa a Misisipi a 1925 ya rasu a 2015, ya shahara da wani ɗan lungu a wuyan jita da har yau ake kira da sunansa. A ki na A yana wajen firet na goma: A a tsirkiyar B, B a firet na 12, F# a firet na 11 na tsirkiyar G, sai D da E a siririyar tsirkiya. Sirrin wurin shi ne B ɗin nan: a tura ta taki ɗaya ta zama C#, a tura ta rabin taki ta zama C. Manjo da maino a ƙarƙashin yatsa ɗaya, kod ne ke faɗin iya turin da za a yi. Albert King kuwa bahago ne, yana riƙe jitar dama a juye ba tare da ya sauya jerin tsirkiyoyin ba, kuma yawancin kiɗansa cikin fentatonik maino ya yi shi. Sautukansa kaɗan ne, jan tsirkiyarsa ne ke yanka zuciya. A ganina saurayi ya fi buƙatar Albert da farko, don ya ga cewa ƙarancin sauti ba talauci ba ne.

Miksolidiyan da doriyan da kuke ɗoki, ba wani sabon abu ba ne. Miksolidiyan na A shi ne A, B, C#, D, E, F#, G. Doriyan na A kuma shi ne wannan jerin da C a madadin C#, kuma sautukansa su ne daidai na miksolidiyan na D. Kun ga an sake dawowa kan rabin takin nan. Wanda ya haɗa fentatonik biyun ya riga ya mallake su ba tare da ya san sunansu ba.

Wani kuskuren da ke faruwa kullum: ba a duba ko kiɗan rakiyar buluz maino ne. Idan kod ɗin Am7 da Dm7 ne, fentatonik manjo ba shi da wuri ko kaɗan, C# zai yi ta ihu a kansu. F# ɗin doriyan ma zai ci karo da F ta cikin Dm7. A nan ku tsaya a fentatonik maino, ku ƙara B da F, idan kuma an zo E7 ku taɓa G#. Sau da yawa irin wannan kiɗan yakan sa F7 a gaɓa ta tara kafin E7 a ta goma, to ku saurara kafin ku ɗaga hannu.

Sannan ku koyi yin shiru. Waƙar buluz layi uku ce, kowane layi gaɓa huɗu: a faɗi magana, a maimaita ta, a kawo amsarta. Mawaƙin yakan ci kusan gaɓa biyu, ya bar sauran biyun wa kayan kiɗa. Ku da kuka tashi kuna jin makaɗi da 'yan amshinsa bai kamata a yi muku dogon bayani a nan ba. Kun san ɗan amshin da ya shiga bakin ubangidansa ba ya daɗewa a ƙungiya. Ku rera jimlar da baki kafin ku kaɗa ta. Abin da numfashinku bai iya ɗauka ba, ya yi tsawo. Ku kuma nemi kiɗan rakiya mai tafiya a hankali, wajen bugu 60 a minti, domin kiɗa mai gudu yana rufa wa mai kuskure asiri.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ku sa kiɗan rakiyar a abin kunne, ku ajiye waya ta ɗauki sautin jitarku ita kaɗai, zagaye biyu ko uku. Ku ba wani abokinku mai kunnen kiɗa ya saurara, ya ɗaga hannu duk inda ya ji an shiga D7 da inda aka shiga E7. Idan ya iya, to kun fara kaɗa buluz. Idan ya zauna yana kallonku, ku koma kan firet ukun nan na huɗu da biyar da shida. Kuma da zarar kun samu mai ganga da mai bes na gaske, ko a ɗakin atisaye ne, ku kashe wayar ku kaɗa da su, domin kiɗan rakiya ba ya sassauta murya idan kun sassauta, ba ya kuma harararku idan kun zarce gaɓa ta tara ba ku sani ba.