Kaburburan Maijirgi: kada a kai musu buldoza

Mai tafiya Damagaram daga Maraɗi, in ya wuce Tasawa kaɗan, sai ya ratsa Maijirgi. Yawancin fasinjoji a nan barci suke yi, ko suna leƙen taga suna neman mai ƙosai. Kaɗan ne ke tuna cewa a wannan gari aka binne kaftin biyu na sojan Faransa, Voulet da Chanoine, a watan Yulin 1899, bayan sojojinsu baƙar fata sun juya musu bakin bindiga.

Maganar ta taso a fadarmu ta shayi, tun lokacin da aka sauya sunayen tituna a Yamai cikin Oktoban 2024, titin De Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Wani ƙanenmu mai zafin kai ya ajiye kofi ya ce mini: "Yaya, in an iya cire sunan De Gaulle, me ya hana a kai buldoza Maijirgi a share wurin?" Kusan duk fadar ta goyi bayansa. Ni ban goya ba.

Ba don ina tausayin mutanen nan biyu ba. Faransa ta aiko su su kai tutarta tafkin Cadi, suka bi hanya suna ƙone garuruwa. A Sansanin Hausa, a bakin kogin Kwara, cikin Janairun 1899, sun kashe mutum 101 a rana guda. A Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A Mayu suka afka wa Birnin Konni, kisan da har yau ake ba da labarinsa a can. Abin ya yi muni har gwamnatinsu ta tura Kanal Klobb ya bi sawunsu ya karɓe ragamar rundunar. Shi ne ya tarar da gawarwakin ƴan mata ƙanana rataye a itatuwa a Koran Kalgo. Da ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka Chanoine ya faɗi, kashegari Voulet ya bi shi. Rundunar kuwa ba ta tsaya ba: wasu hafsoshi suka ja ta, kafin ƙarshen watan suka ci Damagaram.

To, wanda ya yi wannan ta'asa, me zai sa a share masa kabari?

Titi daban, kabari daban. In ka sa wa titi sunan mutum, ka girmama shi ke nan, kuma kana da ikon janye girman duk ranar da ka ga bai cancanta ba. Kabari kuwa shaida ne cewa wane ya zo nan, kuma a nan ya ƙare. Mu da muke son Faransa ta amsa abin da rundunar nan ta aikata, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙe shaidar da kyau. Takardun wancan zamani galibi suna ma'ajiyar Faransa, a hannun wanda ake tuhuma. Abin da ke hannunmu shi ne bakin tsofaffi da wuraren da abin ya faru. Tsofaffin suna ta tafiya. In muka share wuraren da hannunmu, nan da shekara 30 yaron Tasawa zai ji labarin kamar tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Gani ya kori ji.

Sai batun addini, wanda shi ne ya kwantar da ƙanen nan nawa kaɗan. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe. Aka ce masa ai ta Bayahude ce. Ya ce, shin ba rai ba ne? Ko gawarwakin Ƙuraishawa da suka yaƙe shi a Badar, ba a bar su ga ungulu ba. Hisabin Voulet yana wurin Wanda ba ya mantuwa, kuma ba buldozar magajin gari za ta ƙara masa komai ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ma, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a mutunta kaburburan matattun yaƙi, a kula da su, a yi musu alama yadda za a iya gano su.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu da ke kwance a ƙasar wasu. A Chasselay, wani ƙauye kusa da Liyon, cikin Yunin 1940 sojojin Jamus suka kama sojojin Faransa, suka ware farare gefe, suka bindige baƙaƙen, waɗanda ake kira na Senegal ko da daga Gobir ko Mali aka ɗebo su. Mutanen ƙauyen ne suka binne su. Daga baya wani ma'aikacin ofishin tsofaffin sojoji, Jean Marchiani, ya tsaya tsayin daka har aka gina musu makabarta mai jar katanga irin ginin ƙasashenmu, aka buɗe ta a Nuwamban 1942, yaƙi bai ma ƙare ba. Kusan mutum 200 ke kwance a ciki, kuma har yau ana zuwa ana tunawa da su. Ba danginsu ba ne, ba addininsu ɗaya ba, ba su san ko sunan garuruwansu ba. Haka can Bama, a makabartar Taukkyan kusa da Yangon, akwai sunayen ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka da Ingila ta kwasa zuwa yaƙin Japan. In gobe aka ji wani ya farfasa waɗannan kaburbura, duk Maraɗi za ta ɗauka a Facebook da WhatsApp, kuma da gaskiyarmu. Laifi tudu ne.

Kada dai a ce ina wanke Turawa. Ba su yi adalci a cikin mutuwa ba, kamar yadda ba su yi a raye ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, tana kula da sunaye da kaburburan mutum miliyan 1.7. A 2021 binciken da ita kanta ta sa aka yi ya nuna aƙalla mutum 116,000 na yaƙin duniya na farko, galibi ƴan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har gwamnatin Ingila ta ba da haƙuri a majalisa. Na Thiaroye, kusa da Dakar, ya fi ciwo. Ranar 1 ga Disamban 1944 sojan Faransa ya buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman kuɗinsu. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi suka ce ɗaruruwa ne. A makabartar akwai kabari 202, babu suna ko ɗaya. Shekara 80 aka yi ana jayayya kafin shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi. Da an rubuta suna a kan kowane kabari tun ranar farko, wa zai iya cewa 35?

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kuɗi. Makabartunmu da yawa ba su da katanga, awaki na kiwo a ciki, damina na zabtare gefensu, masu filaye na ci daga kusurwa. Da wane ido za a kashe ko jika ɗaya a kan nasara? Gaskiya ne, kuma namu ne a gaba. Sai dai abin da nake nema ba marmara ba ce, ba furanni ba, ba ƙubba ba, balle malamanmu su ce an ɗaga gini a kan kabari. Shinge ne, da shara sau biyu a shekara, da allo. Aikin gayya na yini ɗaya da ƴan buhunan siminti sun isa. Haka nan tsofaffin makabartun nasara da ke garuruwan da kumandan ya zauna, inda da yawa cikin waɗanda ke kwance samari ne da zazzaɓi ya kashe nesa da iyayensu, ƴan jari-bola na cire ƙarafan suna sayarwa a kilo. Su ma shingen nan ya wadatar.

Kuma mu za mu yi, ba Faransa ba. Sojojinta sun fita a Disamban 2023, ofishin jakadancinta a rufe yake. Ko da a buɗe yake ban so ta biya ba, domin wanda ya sayi allo shi ke zaɓar abin da za a rubuta a kai. In su suka rubuta, suna da muƙami da ranar mutuwa kawai za ka gani. In mu ne, da Hausa, boko da ajami, sai faransanci a ƙasa, za a karanta su wane ne a nan da garuruwan da suka ƙone. Za a ambaci ƴan dakon da aka kama da ƙarfi suka mutu a hanya ba kabari, da matan da aka kora kamar dabbobi. Malamin tarihi ya kwaso ɗalibansa daga Tasawa ko Gazawa su tsaya a gaban allon su karanta da kansu.

Da na kai nan, wani dattijo a fadar ya yi dariya ya ce ai an ce ma ba kowa a ciki. An dai ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa an buɗe kaburburan aka tarar wayam, har aka yi ta raɗe-raɗin cewa Voulet bai mutu ba. Na ce masa, Baba, to a ƙara wannan ma a ƙasan allon, bayan Sansanin Hausa, Lugu, Birnin Konni da Koran Kalgo, a kuma bar fili domin sunayen da tsofaffin garuruwan nan za su faɗa in an je an tambaye su bana.