Ku bar bindigar toka, ku bi harsashi

To, an sake jera mana bindigogin toka a kan tabarma, an ɗauki hoto, an ce an kama makamai. Madalla, yau sai mu kwana da ƙofa a buɗe! Tun jiya kuma malaman Facebook sun fito: a kawo sabuwar doka, a ninka shekarun kaso, a hana kowa riƙe ko ta harbin zabo ce. Don Allah ku sake duba hoton nan. Bututun ƙarfe ne da ƙotar itace, an ɗaure da roba. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da tsinke, a harba sau ɗaya, kafin a sake ɗurawa zabon ya kai Abalak. Da irin wannan aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya ranar 21 ga Maris 2021?

Doka ba ita muka rasa ba. Tun 1963 ba a riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma. Hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai tana nan tun 1994. A watan Satumba na 2000 an ƙone bindigogin tawaye a Agadas, duniya na kallo. A 2006 mun sa hannu a yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kan ƙananan makamai. Takarda kam, buhu-buhu. Wanda ya zo kan babur da Kalashnikov a kafaɗa bai taɓa shiga layin neman izini ba, kuma ba shekara ashirin a kaso za ta tsorata mutumin da ya fito da shirin mutuwa ba.

Harsashi ne maganar. Kalashnikov in ana shafa mata mai sai ta shekara arba'in tana aiki, waɗanda suka ɓalle daga rumbunan Gaddafi a 2011 suna nan da ransu. Amma cin ta ba kaɗan ba ne: gidan harsashinta talatin yake ɗauka, in aka danne kunama a jere, daƙiƙa uku ya ƙare. Maƙeri zai ƙera maka bututu, ba zai ƙera maka harsashin 7,62 da Kalashnikov ke ci ba, sai masana'anta. Ke nan kowane harsashi da ya tashi a dajin nan yana da gidan da ya fito, kuma akwai mai kawo sabo duk wata.

Ɗauki kwanson da aka harba ka juya gindinsa, za ka ga hatimin masana'anta da shekarar ƙira. Lambar rukuni kuwa a jikin akwatin katako take da gwangwanin da ke ciki. Da an fasa gwangwani an zuba a aljihu, sawu ya ɓace, nan ne ramin. Shi ya sa aikin na rajista ne: akwati kaza mai lamba kaza ya tafi bariki kaza, wane ya karɓa, nawa ya fita da su sintiri, nawa ya dawo da su, nawa ya ce ya harba. Ma'aji da makulli biyu a hannun mutum biyu. Ƙirga na ba-zata daga wanda ba ɗan gidan ba, don mai ajiya ba ya binciken kansa. Bayan kowane hari a tsince kwansuna kafin yara su kwashe, a rubuta hatimin, a gwada da rajista. In na Libiya ne a sani, in ta Illela da Ƙonni ya shigo a sani, in wanda aka kwasa ne a sansanin sojan da aka faɗa wa, kamar Inates a 2019, shi ma a sani. Brazil tun dokarta ta 2003 take buga lambar rukuni a jikin harsashin da ake sayar wa jami'an tsaro, ba a akwati kaɗai ba. Mu me ya hana mu sa wannan sharaɗi cikin kwangilar saye?

Wani zai kawo mini Ostareliya, wai bayan 1996 gwamnati ta sayi bindigogi wajen 650,000 ta lalata. Malam, Ostareliya teku ne ya kewaye ta, mu kuwa hamada da iyakar da raƙumi ke tsallakawa bai sani ba. Masu cewa a raba wa kowa ya kare kansa, ku je Banibangu ku tambaya: Nuwamba 2021, ƴan sa-kai da magajin garinsu, an kashe mutum 69 rana ɗaya. Wallahi ba na son in sake ganin irin wannan jana'iza a Adar. Ku bi harsashi.