Hadarinmu a allon Turawa

Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby, karo na farko da Ingila ta haura 40. Tun kwana huɗu kafin nan hukumar yanayinsu ta fitar da jan gargaɗi, wato gargaɗi mafi tsanani. Aka tsayar da jiragen ƙasa da dama, maƙwabciyata tsohuwa ta lulluɓe tagoginta da jiƙaƙƙen zanen gado. Da na buga wa Inna waya a Katsina ina ba ta labari, sai ta yi dariya ta ce, "Kai ma ka zama Bature ke nan."

Na taya ta dariyar a lokacin. Yanzu kam na daina.

A Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Masanan World Weather Attribution, ƙungiyar masu binciken yanayi, suka ce da ba don ɗumamar da hayaƙin mai da gawayi ya jawo ba, da irin wannan zafin bai auku ba. Mu kuwa "bazara ce" muka ce, muka ci gaba da firfita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an san hadarinmu ciki da bai a nan Ingila. Wani bincike da masanan Ingila suka jagoranta, wanda ya fito a mujallar Nature a 2017, ya bi hotunan tauraron ɗan Adam ya gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka uku tun 1982. Sahara na ƙara zafi fiye da ƙasashen kudancinta, wannan bambancin ke ƙarfafa iskar sama, sai hadari ya haɗu ya tumbatsa ya juye ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ba sai an yi masa bayani ba.

Ba masana muka rasa ba. NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina duk shekara, ga cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai. Amma hasashen shekara daban, gargaɗin daren yau daban. A nan gargaɗi na zuwa da aiki, kowa ya san abin da zai rufe. A gida sai ya tsaya a taron manema labarai, bai kai wa mai unguwa da liman ba.

Har yau Inna gabas take duba da la'asar. In ta ga ya yi baƙi, ta sa yara su kwashe shanya su shigar da awaki.