Rijiyar burtsatse ba ita ce aikin ɗan majalisa ba

Na karanta wani labari a kan wani ɗan majalisar jiha, sai lissafa rijiyoyin burtsatse da kekunan ɗinki da ya raba ake yi, ko sau ɗaya ba a faɗi ƙudurin da ya kawo zaure ba. Malam da ka yi sharhi a kan labarin cewa ɗan majalisar ya yi abin a yaba, ka duba majalisar Kano mai kujeru 40: a 2019 ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye don gwamna na so, a Mayun 2024 ta rushe su don wani gwamnan na so. To shi ɗan majalisar naku, yaushe ya taɓa miƙewa ya tambayi gwamna inda kuɗin ƙananan hukumomi suka shiga?