Sinkin da Alhaji Ya Haɗa da Kansa

(Banɗaki. Alhaji ya durƙusa a ƙarƙashin sabon sinki riƙe da sifana, bokiti ya kusa cika. Hajiya ta shigo da falamba.)

HAJIYA: Ga shi nan, Malam. Tun ranar da aka kafa shi muke kwasar ruwa.

ALHAJI: Wa ya ce ki kira shi? Saura ƙiris fa. Noti ɗaya zan ƙara ɗaurewa.

FALAMBA: Sannu da aiki, Alhaji. Wannan farin naɗin fa? Karaya bututun ya yi aka yi masa ɗori?

ALHAJI: Tef ne. Guda uku na ƙarar a kansa.

FALAMBA: Ai tef na inda haƙoran bututu ne ke tsare ruwa, irin wanda ke kawo ruwa famfo. Wannan haɗin roba ce a ciki take aikin, notin matse ta kawai yake yi. Bari in warware.

ALHAJI: Warware na sama. Na gindin lanƙwasar nan kuwa bar shi, ba ruwanka da shi.

FALAMBA: To. Hajiya, a taimaka da busasshen tsumma da tishu.

ALHAJI: Ni gyara na ji an kira ka, ko shara?

FALAMBA: Sai ko'ina ya bushe ƙarau ake gane ɓarawon. Ruwa jikin bututu yake bi ya gangaro, sai ya kai ƙasa ya ɗiga. Inda ka ga ɗigo ba lallai nan ya ɓullo ba. Daga sama ake farawa. Hajiya, toshe sinkin ki cika shi.

HAJIYA: Ya cika.

FALAMBA: Mu ɗan jira. In ruwan ya ragu alhali a toshe yake, to ko dai matoshin bai kama ba, ko bakin ƙarfen nan na sama bai zauna ba. Ka shafa masa silikon kafin ka ɗora?

ALHAJI: Nauyinsa bai isa ya zaunar da shi ba?

HAJIYA: Ga shi yana raguwa kuwa.

FALAMBA: Ɗaya ke nan. Yanzu saki ruwan gaba ɗaya. (Ya manna tishu a gindin sinkin.) Ka gani? Ya jiƙe sharaf tun daga babban notin nan. Ina baƙar robar nan mai kauri, mai tudu a gefe ɗaya? Tudun ke kallon sama ya shige ramin sinkin, sannan noti ya biyo baya.

ALHAJI: Au. Wadda ta rage a kwali? Na ɗauka gyara kamfani ya yi mini.

HAJIYA: Tana jikin makullin motarsa.

ALHAJI: Hajiya, ba a tambaye ki ba.

FALAMBA: Miƙo ta, ranka ya daɗe. Subhanallahi! Wannan notin kuma wa ya tsaga shi?

ALHAJI: Kayan zamani ne ba ƙarko. Ina taɓa shi ya ce ƙas.

HAJIYA: Ƙafa ya sa ya taka sifanar. Har yaro ya kira ya riƙe masa sinkin.

FALAMBA: Notin roba da hannu ake ɗaure shi, in ya so a ƙara kwatan juyi da sifana. In aka wuce haka, ko ya tsage ko robar ciki ta murɗe. Ina da wani a jaka, milimita 32, daidai da naka. Kuma dubi bututun nan ya karkace, janyo shi ka yi da ƙarfi ya haɗu da na bango. Dole su fuskanci juna tun kafin a sa noti.

(Ya kwance, ya shafa silikon, ya mayar da roba, ya ɗaure. Hajiya ta sake sakin ruwa.)

FALAMBA: Sama ya bushe, tsakiya ya bushe. Silikon ɗin a ba shi awa 24 kafin a ci gaba da amfani. Amma tsaya… har yanzu tef ɗin ƙasan nan yana tsatsa.

ALHAJI: Zufa ce.

FALAMBA: (Ya warware.) Alhaji, wannan huda ce. Ta ƙusa ma.

ALHAJI: To ai laifin masu ƙira ne. Na kwance na leƙa, na ga ruwa yana kwana a lanƙwasar, ya ƙi wucewa. Sai na yi masa hanya. Da ya yi yawa kuma na rufe.

FALAMBA: Don ruwan nan aka lanƙwasa bututun! Shi ke tare warin masai kada ya biyo ya shigo gida. In ya tsiyaye cikin dare, da safe sai a toshe hanci.

HAJIYA: La'ilaha illallahu! Warin da ka je ka yi wa maƙwabci tijara a kansa, har ka sa shi ya kira masu yashe masai?

ALHAJI: Malam, maganar nan ta tsaya a banɗakin nan. Nawa ne kuɗinka?

FALAMBA: Ai ni na kai masa masu yasar, Alhaji. Yau ma zan koma karɓar cikon kuɗina.