Don sujada aka gyara ogan na Notre-Dame

A watan Oktoban 2024, makonni kaɗan kafin a sake buɗe babban cocin Notre-Dame na birnin Paris, ministar al'adu ta Faransa a lokacin, Rachida Dati, ta kawo shawarar a riƙa karɓar yuro biyar daga masu yawon buɗe ido kafin su shiga. Hukumomin cocin sun ƙi amincewa, kuma sun yi daidai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tunanin da ya haifi shawarar, wanda ke kallon ginin da duk abin da ke cikinsa, har da babban ogan ɗinsa, wato abin kiɗan coci mai bututu da ke fitar da sauti ta hanyar iska, a matsayin kayan tarihi da za a baje wa baƙi.

Gobarar da ta kama cocin ranar 15 ga Afrilun 2019 ba ta cinye wannan ogan ba, amma ƙurar dalma daga rufin da ya narke ta shiga kowane lungu nasa. A 2020 aka kwance shi, bututu kusan 8,000 da teburin kiɗa mai jerin madannai biyar, aka rarraba sassansa ga wuraren aikin masu sana'ar a yankunan Corrèze da Hérault da Vaucluse na Faransa. Bayan an maido su, sai da masu gyara suka shafe watanni suna daidaita muryar kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, galibi cikin dare, domin hayaniyar maƙera da magina da rana ba ta barin kunne ya ji abin da ya kamata. Irin wannan haƙuri ba a yi shi domin mai kyamara ya ɗauki hoto ya wuce ba. An daidaita muryoyin ne da faɗin ɗakin ibadar, yadda za su ɗauki waƙar jama'a tun daga ƙofa har bagadi, kamar yadda maƙerin ogan Aristide Cavaillé-Coll ya tsara lokacin da ya sake gina ogan ɗin a 1868.

Duk wanda ya kalli bikin sake buɗe cocin ranar 7 ga Disamban 2024 ya ga matsayin ogan ɗin a fili. Babban Bishop Laurent Ulrich ya kira ogan ɗin sau takwas domin ya tashe shi, makaɗa irin su Olivier Latry suna amsa masa da kiɗan da suka ƙirƙira nan take. Wannan addu'a ce, tsakanin limami da abin kiɗa da aka keɓe wa Allah. Taron Vatican na biyu ma, wato babban taron shugabannin cocin Katolika, ya jaddada a 1963 cewa a girmama ogan mai bututu saboda yadda yake ɗaga zukatan masu ibada.

Masu cewa kuɗin shiga zai ceci ƙananan coci-coci da ke rushewa sun manta cewa a ƙarƙashin dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, tsofaffin gine-ginen suna hannun hukuma, kuma gyaransu nauyinta ne. Idan har ana neman inda za a kashe kuɗi, akwai ogan da yawa a ƙauyukan Faransa da suka yi shiru saboda rashin gyara da rashin makaɗi. A horar da matasa, a biya su, su riƙa kaɗa wa masu sujada kowace Lahadi.